Filin Tambaya da Amsa: Sunan 'ya mace a Jamus, wanda kakanni biyu za su iya kira

Wasiƙun wannan fitowar kusan duk a kan abu ɗaya suka zo: haihuwa a Jamus da wahalar zaɓen suna. Mun haɗa su wuri guda, mun taƙaita waɗanda suka yi tsawo.

Tambaya: Assalamu alaikum. Matata Bajamushiya ce, muna zaune a Kolon, kuma hoton ciki ya nuna mace muke jira. Mun yi da ita cewa za ta kawo sunayen Jamusawa, ni kuma in tace. Ta kawo Mia, Maja, Vera, Greta, Luisa, Lina da Hanna. Damuwata mahaifiyata ce da ke Katsina, wadda ko Turanci ba ta ji balle Jamusanci. Wanne zan ɗauka? *Mai jiran haihuwa, Kolon*

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya sauke ta lafiya. Uku na farko ka soke su tun yanzu, kafin uwargida ta ƙara shaƙuwa da su.

Mia na cikin sunayen da suka fi yawa a Jamus a shekarun nan, amma Bahaushe miya zai ji, kuma ranar da yarinyar ta je hutu gida taubasai za su tambaye ta ko ta kuka ce ko ta kuɓewa. Maja ya fi muni. Jamusawa na karanta J kamar Y, wato Maya ake cewa, kuma ɗan nauyin harshe ne kawai ya raba shi da mayya, kalmar da ba a wasa da ita a gidan Bahaushe. Vera kuwa, babu sautin V a Hausa, Hajiya za ta mayar da shi B, daga Bera zuwa ɓera taki ɗaya ne. Idan matarka ta dawo da sabon jeri, ka sa ido a kan Mara, Dana, Wanda, Tara da Ina. Duka sunayen mata ne da ake ji a Jamus, duka kuma kalmomi ne da muke amfani da su kullum. Ka ƙaddara ana cigiyar yarinya a tsakar gida ana cewa "Ina Ina?"

Greta ba shi da mummunar ma'ana, matsalarsa ta furuci ce. Hausa ba ta fara kalma da baƙaƙe biyu a manne, sai ta cusa wasali a tsakani, don haka a Katsina Gireta za a kira ta. Haka Klara zai zama Kilara, Stella ya zama Sitela, Charlotte kuwa sai abin da Allah ya yi. Ba laifi ba ne, amma ku sani yarinyar za ta tashi da suna biyu ko ba ku yi niyya ba. Wuri ɗaya ne wannan ke zama riba: Frieda, wanda ya fito daga tsohuwar kalmar Jamusanci mai nufin zaman lafiya. Ana furta shi Firida, kuma cikin mako guda dangi za su mayar da shi Farida su huta.

Luisa na da tarkon da ba a gani sai an shiga makaranta. Jamusawa mutane ne masu gutsure suna, kuma Luisa, Isabel da Isabella sukan koma Isa. A Jamus Isa sunan mace ne. A wurinmu sunan Annabi ne, na maza. Akwai irin wannan a Nora: iyaye da yawa na son sa saboda ya yi kusa da Nura na Larabci, wanda mata ke ɗauka a ƙasashen Larabawa, amma a Kano da Katsina in aka ce Nura namiji ake waiwaya a gani.

Saura Lina da Hanna, kuma dukansu sun ci. Lina a Jamus gutsuren Karolina ne ko Paulina, ya daɗe da zama suna mai cin gashin kansa, kuma yana cikin goma na sama a jerin da ƙungiyar kula da harshen Jamusanci, GfdS, ke fitarwa kowace shekara. A Larabci kuma kalmar na nufin itacen dabino, ta zo a Suratul Hashri aya ta 5. Hanna shi ne Hannatu ɗinmu, sunan da Musulmi da Kirista duk ke sawa a Arewa. Mu Hanna za mu ba ka shawara, domin Hajiya ba sai ta koyi komai ba: ita ta ce Hannatu, surukarka ta ce Hanna, kuma mutum ɗaya suke kira. Ku rubuta shi ba H a ƙarshe, ya rage muku tambayar "da H ko babu?" a kowane ofis.

Idan za ku faɗaɗa nema, ku tsaya kan sunayen da kowace gaɓa ke ƙarewa da wasali, waɗanda aka gina da haruffan da harsunan biyu ke karantawa iri ɗaya: M, N, L, R, B, D, F, K, T da wasulan A da I. Alina, Mila, Amalia, Emilia, Marina, Dalia, Mina. Sofia ma yana tafiya, da F ba PH ba. A gida zai koma Safiya, kodayake asalinsu daban ne, ɗaya daga Girkanci mai nufin hikima, ɗayan daga Larabci. Ka kuma binciki ma'ana kafin ka amince, don malamai ba su shardanta suna ya zama na Larabci ba, ma'anarsa ce abin dubawa. Freya, Diana da Luna sunayen allolin mutanen dā ne. Christina da Kristin na nufin mabiyar Almasihu, Natalie kuma na da alaƙa da ranar Kirsimeti. Claudia, bisa fassarar da aka fi sani, gurguwa yake nufi.

Gwaji uku za ku yi kafin ku sa hannu a takarda. Ka aika wa Hajiya sunan da murya ta WhatsApp sau ɗaya, kashegari ka kira ta ka ce ta maimaita. Abin da ta faɗa shi ne sunan 'yarka a Najeriya. Sai ka rubuta shi a takarda ka miƙa wa maƙwabci Bajamushe da bai taɓa jin ka furta shi ba, ya karanta. Na uku, ka tambayi matarka yadda yara za su gutsure shi a filin wasa.

Tambaya: Ni da maigidana duk Hausawa ne, karatu ya kawo mu Balin. Yana so ya yi wa mahaifiyarsa takwara, sunanta Zainab. Ni kuma da na so Jamila ko Fatima. An ce mana Jamusawa ba sa yarda da sunan da ba ya cikin littafinsu. Gaskiya ne? *Mai juna biyu, Balin*

Amsa: Ba gaskiya ba ne, 'yar'uwa. Jamus ba ta da jerin sunaye na dole. Ofishin rajistar haihuwa da aure, wanda suke kira Standesamt, na iya ƙin suna ne idan zai cutar da yaro, kamar ya jawo masa izgili, ko kuma idan ba suna ba ne sam. Zainab, Jamila da Fatima sanannu ne a can, ba za a ko ɗaga kai a dube ku ba. Inda ake ɗan ja shi ne sunayen Hausa zalla irin su Kande, Delu, Asabe ko Tabawa, waɗanda ma'aikacin bai taɓa gani ba. Nan sai ya nemi shaidar cewa suna ne na mutane. Kwafin fasfon wata 'yar'uwa mai sunan yakan taimaka. Idan bai gamsu ba, ana biyan kuɗi kaɗan a karɓi takardar tabbaci daga GfdS da ke Wiesbaden ko daga sashen ba da shawara kan sunaye na Jami'ar Leipzig. Ku fara wannan tun ciki na wata bakwai, kada ku bari sai kuna ɗakin haihuwa.

Abin da ya kamata ku shirya masa shi ne furuci. Z a Jamusanci kamar TS ake karanta shi, B a ƙarshen kalma kuma yana bushewa ya koma P, don haka malamar makaranta Tsainap za ta kira ranar farko. Hadiza ta zama Haditsa, Aziza ta zama Atsitsa. J ya koma Y: Yamila, Yummai, Hayara. W ya koma V, Hauwa ta zama Hauva. S a farkon suna in wasali ya biyo shi Z ne, saboda haka Sadiya ta zama Zadiya, Salma ta zama Zalma, wanda bai kai sauran ciwo ba. H bayan wasali in baƙi ya biyo shi ba a furta shi, yana jan wasalin ne kawai: Rahma sai ya fito Rama, sunan wani man shafa wa burodi da kowane yaro a Jamus ya sani. Rubutun Hausa, Rahama, ya fi tsira a nan.

Kada wannan ya sa ku sake wa sunan haruffa don ya dace da bakinsu. Akwai masu rubuta Dschamila ko Seinab. A Jamus zai fito daidai, amma a Najeriya, Ingila da Saudiyya ya zama abin da ba mai iya karantawa, kuma fasfo na tafiya ko'ina. Gyaran malamar aji na mako ɗaya ne, yara kuwa nan da nan suke kamawa.

Fatima lafiya lau ne in an kira shi cikakke. Matsalar Fati ce: daidai yake da Vati, yadda yaran Jamusawa ke kiran uba, don V ɗinsu a nan F ne. Za a yi dariya, ba ta mugunta ba, amma za a yi. Wanda za ku yi hattara da shi sosai shi ne duk sunan da za a iya gutsurewa ya koma Asi, kamar Asiya, Asabe da Asma'u, domin Assi zagi ne a Jamusanci, ana jifan wanda aka raina da shi. Idan takwara ta tilasta, ku sa shi na biyu.

Sunayen da ke wucewa ba tare da an taɓa su ba: Amina, Halima, Amira, Nabila, Habiba, Karima, Binta, Maryam, Yasmin da Y, sai Laila da AI. Kuma tunda takwarar suruka ake magana, ai ke ba za ki riƙa kiran sunan ba. Maimakon alkunyar ta tsaya a baki kawai, ku zaɓi wadda ke tafiya a harsunan biyu, irin Amira ko Nana, ku rubuta ta a takardar haihuwa tare da Zainab. Ta haka sunan da ake kiran yarinyar da shi a gida shi ne a rajistar makaranta.

Maganar rubutu: ku bar ƙ, ɗ, ɓ da alamar ɗauri a waje. Rukayya, Sa'adatu ba tare da alamar ba, wato Saadatu, ko ku taƙaita shi. Layukan ƙasan fasfo da na'ura ke karantawa ba sa ɗaukar wani harafi sai A zuwa Z, haka tikitin jirgi. Su ma Jamusawa na fama da wannan: ä, ö, ü da ß na komawa AE, OE, UE da SS a wannan layin, shi ya sa Käthe da Dörte ba sunayen mai yawan tafiya ba ne.

Tambaya: Wani ya ce min in na sa wa 'yata sunan Musulunci na rufe mata ƙofar aiki a Jamus. In sa mata na Jamusawa kawai? *Uba mai damuwa, Munik*

Amsa: Malam, maganar na da tushe, ba za mu ɓoye maka ba. A 2016 wata masaniyar tattalin arziki ta Jami'ar Linz, Doris Weichselbaumer, ta wallafa sakamakon wani gwaji: ta aika takardun neman aiki kusan 1,500 zuwa kamfanoni a Jamus, ilimi ɗaya, hoton mace ɗaya, suna kawai ake sauyawa. Mai sunan Jamusawa ta sami kira daga kashi 18.8 cikin 100, mai sunan Turkawa 13.5, ita kuma da aka ƙara mata ɗankwali a hoton 4.2. Sai dai ka lura da abu biyu. Sunan iyali na tafiya tare da na yanka, kuma in na iyalinku Abdullahi ne, sa wa yarinya Emma ba zai ɓoye komai ba. Na biyu, ba kowane sunan Turawa ne ke buɗe ƙofa ba: wani bincike na Jami'ar Oldenburg a 2009 ya nuna malaman firamare na kyautata zato ga masu suna Charlotte, Sophie, Marie da Hannah, suna kuma munana shi ga Chantal da Mandy.

Mafita ita ce suna biyu, kuma kada ka haɗa su da karan ɗori. In ka rubuta Lina-Amina, doka na ɗaukar sa suna ɗaya, dole a rubuta shi duka har abada. In ka rubuta Lina Amina, sunaye biyu ne, tana iya amsa wanda ta so, kuma tun 1 ga Nuwamba 2018 mutum na iya zuwa Standesamt ya sauya jerin sunayensa da sanarwa kawai. Abin da wannan hanyar ba ta yarda da shi ba shi ne ƙara suna, cire suna ko gyara harafi. Waɗannan sai an bi dokar sauya suna, wadda ke neman ƙwaƙƙwaran dalili, kuma "na daina son sa" ba ya cikin dalilan.

Tambaya: Jikata za a haifa a Jamus. Ɗana ya ce asibiti za su nemi suna tun kafin a sallame su. To ina ranar suna? Mu ba ma faɗin suna sai an yanka rago. *Kaka, Zariya*

Amsa: Hajiya, barka da arziki tun yanzu, ki kwantar da hankalinki. Doka ta ce a sanar da haihuwa cikin mako ɗaya, kuma in a asibiti aka haihu su ke yin wannan. Suna kuwa an ba iyaye wata guda cur. Takardar da asibiti ke miƙowa ana iya barin gurbin sunan a buɗe, a kai wa Standesamt bayan an raɗa. Kuma tunda yawanci uba ya riga ya yi huɗuba tun ranar haihuwa, yana iya rubuta sunan a takardar ya yi shiru; ofis ba ya shela.

Amma ki ce masa kada ya wuce kwana bakwan da yawa. Sai da suna ake ba da takardar haihuwa, kuma da ita ake neman kuɗin yara, kuɗin reno da sa jaririya a inshorar lafiya. Kuɗin reno, Elterngeld, watanni uku kawai ake biya na baya in an makara.

Abin da ya fi jawo jinkiri ma ba sunan ba ne, takardun iyaye ne. Za a nemi fasfo, takardun haihuwar uwa da uba da takardar aure, wani lokaci da fassarar tafintan da kotu ta rantsar. Takardun Najeriya sau da yawa sai an aika ofishin jakadancin Jamus ya bincika sahihancinsu, abin da ke cin watanni, kuma iyaye ke biya. Kafin a gama, abin da ake bayarwa shi ne kwafin rajista mai ɗauke da bayanin cewa ba a tabbatar da ko su wane ne iyayen ba. Sannan idan a masallaci kawai aka ɗaura auren a Jamus, hukuma ba ta san da shi ba: uwa ce kaɗai ke da ikon sa suna, har sai uban ya amsa ɗiyar a hukumance kuma sun yi sanarwar riƙo tare a ofishin kula da yara, Jugendamt. Ana iya yin duka biyun kafin haihuwa, kuma haka ya fi.

Tambaya: A gida 'yata za ta zama Amina Ibrahim Musa: sunanta, nawa, da na mahaifina. Zan iya rubuta haka? Kuma suna nawa aka yarda? *Ɗalibi, Bon*

Amsa: Takardar haihuwar Jamus gurbi biyu gare ta, sunayen yanka da sunan iyali, babu na tsakiya. In Musa ne sunan iyali a fasfonka, Ibrahim sai dai ya shiga cikin sunayen yanka, kuma nan ma'aikacin na iya tsayawa, don sunan namiji ne a kan mace. A Disambar 2008 kotun tsarin mulki ta Jamus ta yanke hukunci a shari'ar wata yarinya da iyayenta suka sa wa Kiran, ta ce ba dole ne suna ya nuna jinsi ba. Wannan ya sassauta abubuwa ga sunayen da maza da mata ke tarayya, amma suna na maza zalla har yanzu ana iya ja a kansa. Ka je Standesamt na garinku kafin haihuwa ka tambaya a rubuce. Tun 1 ga Mayu 2025 dokar ƙasar da yaro ke zaune ce ke hukunta sunansa, amma akwai damar zaɓar dokar ƙasar da yake ɗan ta, kuma wannan ce ƙofar da za ka tambaya a kai. Ka sani kuma sunan iyalin da kuka ba ɗan fari shi ne zai bi ƙannensa.

Yawan suna ba a ƙayyade shi a doka ba, amma wata uwa da ta nemi sa wa ɗanta goma sha biyu kotu ta tsayar da ita a biyar, kotun tsarin mulki kuma ta tabbatar a 2004. Biyu ko uku sun isa. Duk abin da aka rubuta a Jamus, shi za ka kai ofishin jakadancin Najeriya harafi da harafi, jeri da jeri, wajen neman lambar shaidar ɗan ƙasa, NIN, da fasfo. Tun 27 ga Yuni 2024 Jamus ta amince da riƙe ƙasa biyu, yara da yawa na da fasfo biyu, kuma tikitin jirgi suna ɗaya yake ɗauka. Aisha a wannan, Aishatu a wancan, ya isa a tsayar da ku a filin jirgi.

Tambaya: Ni ɗan Maraɗi ne. A takardunmu Aïchatou muke rubutawa. In bar shi haka? *Mai karatu, Hambog*

Amsa: In sabon suna ne za ka sa wa jaririya, ba dole ka bi rubutun Faransanci ba. Jamusawa da yawa sun san OU na nufin U, don haka Ramatou da Zeinabou ba sa wahala sosai, amma CH a bakinsu sauti ne na maƙogwaro ko na ganɗa, ba SH ba, ɗigo biyun kan I kuma yakan ɓace a kwamfuta. Aisha ya fi sauƙi a Jamus, Najeriya da Ingila. Aïcha ya fi sauƙi a Yamai da Faransa. Ka duba inda yarinyar za ta yi makaranta, ka zaɓi ɗaya, sannan ka kai takardar haihuwar ta Jamus ofishin jakadancin Nijar a Balin ka tsaya a kan a kwafe sunan yadda yake, kada magatakarda ya mayar da shi rubutun da ya saba.